Polifenol: aikin da goro, zoɓo da shayi ke yi a cikin hanji

Polifenol suna ne na wani babban rukunin sinadarai da tsirrai ke samarwa don kare kansu daga ƙwari, zafin rana da cututtuka. Su ke ba goro da shayi ɗanɗanon bauri, su kuma ke ba zoɓo jar kalarsa. A kwalayen magunguna da na kayan sha akan tallata su da kalmar Faransanci antioxydant, wato abin da ke hana illar iskar oksijin a jiki. Binciken masana ya nuna cewa akasarin aikinsu a cikin hanji yake faruwa, kuma ta wata hanya dabam da wadda masu talla ke faɗa.

A ina ake samun su?

Mazauna Abidjan ba sa rasa su. A kewayen tashar jiragen ruwa ta Treichville, inda jiragen kamfanin SOTRA ke ɗaukar fasinjoji su tsallaka ruwan Ebrié, da kuma kasuwannin Adjamé, ana sayar da zoɓo, wanda a nan ake kira bissap, da ruwan citta, da shayi, da goro.

Goro, wanda garin Anyama da ke arewa da Abidjan ya yi suna da cinikinsa, yana ɗauke da katekin da epikatekin. Idan aka tsaga goro aka ajiye, gefensa kan rine ya yi jaja-jaja, saboda waɗannan sinadarai sun haɗu da iska. Koko, wanda Kodibuwa ke samar da kusan kashi 40 cikin ɗari na abin da duniya ke nomawa, yana da irin wannan epikatekin. Zoɓo kuwa antosiyanin ne a cikinsa.

Me ya sa hanji ke buƙatar kariya?

Jiki na amfani da oksijin wajen sarrafa abinci, kuma a wannan aiki wasu ɓurɓushin sinadarai masu saurin ɓarna kan fito. Idan suka yi yawa sukan lalata bangon ƙwayoyin halitta, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin hanji su ne farkon masu haɗuwa da man da aka maimaita suya da shi, da ƙonannen nama, da ƙwayoyin cuta. Jiki kan sabunta wannan shimfiɗa duk kwana 3 zuwa 5.

Tafiyar polifenol a cikin ciki

Ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari kaɗai na polifenol ɗin da mutum ya ci ƙaramin hanji ke tsotsewa. Wannan ɗan kaɗan ma, ƙwayoyin hanji da hanta kan sauya masa siffa nan da nan, a fitar da shi ta fitsari cikin sa'o'i.

Ragowar sai ta gangara babban hanji, inda bakteriya masu amfani ke farfasa ta zuwa ƙananan sinadarai. Katekin na goro da shayi kan koma wasu da ake kira balerolakton, antosiyanin kuma ya koma ƙananan asid. Waɗannan sun fi sauƙin shiga jini, sun kuma fi daɗewa a ciki. Tunda bakteriyar cikin kowa dabam take, mutum biyu za su iya shan zoɓo kwano ɗaya amma abin da jikinsu ya samu ya bambanta.

Yadda suke kare ƙwayoyin hanji

Hanya ta farko, a cikin hanjin kansa, inda suke da yawa, polifenol kan kama ɓurɓushin masu ɓarna kai tsaye. Hanya ta biyu, wadda masana suka fi ba muhimmanci yanzu, ita ce suna zaburar da wani furotin mai suna Nrf2, shi kuma ya sa ƙwayar halitta ta ƙara samar da garkuwarta, irin su gulutatayon.

Yawancin wannan sani daga ɗakin gwaji ya fito, musamman daga ƙwayoyin Caco-2, waɗanda aka samo daga ciwon dajin hanjin wani majinyaci a birnin New York a shekarun 1970. Abin da ya faru a faranti ba lallai ne ya faru a jikin mutum ba. Shi ya sa a 2012 ma'aikatar noma ta Amurka ta janye jadawalinta na ORAC, wanda ke jera abinci bisa ƙarfin hana illar oksijin, tana cewa ana amfani da shi ba daidai ba wajen talla.

Abin da gwaji a kan mutane ya nuna

A 2010 masana a Jami'ar Tufts ta Amurka sun gwada mutum 65 masu somin hawan jini. Waɗanda suka sha zoɓo kofi uku a rana har mako 6, lambar sama ta awon jininsu ta sauka da kusan maki 7. A babban gwajin COSMOS da aka wallafa a 2022, an bi mutum sama da 21,000, rabinsu na shan ƙwayar sinadarin koko kullum. Jimillar cututtukan zuciya ba ta ragu ƙwarai ba, ko da yake mace-mace daga cututtukan sun ragu.

Inda ake buƙatar hattara

Tanin da ke cikin shayi yana riƙe sinadarin ƙarfe mai gina jini da ke cikin wake, ganye da hatsi, ya hana hanji tsotsarsa. An tabbatar da haka tun 1975 a wani bincike a Afirka ta Kudu. Don haka ake shawartar masu juna biyu da masu ƙarancin jini su bar tazarar aƙalla awa ɗaya tsakanin cin abinci da shan shayi. Goro ma yana da tanin, ga kafeyin mai hana barci da sa bugun zuciya.

Zoɓon da ake sayarwa a leda ko gora yakan zo da sukari mai yawa, abin da ke da haɗari ga mai ciwon sukari. Mai shan maganin hawan jini ya tuntuɓi likita kafin ya mayar da zoɓo abin sha na kullum, kuma kada ya ajiye maganinsa dominsa.