Yadda masana ke auna saurin yaɗuwar cuta a lokacin annoba

Duk lokacin da annoba ta ɓarke, tambayar da hukumomin lafiya ke fara neman amsarta ita ce: mutum nawa mai ɗauke da cutar guda ɗaya ke harba, kuma a cikin kwana nawa? A kan amsar ake yanke shawarar rufe makarantu da kasuwanni ko barin su a buɗe, da yawan gadajen da za a tanada a asibiti, da adadin mutanen da za a yi wa rigakafi.

Ma'aunin yaɗuwa

Babban ma'aunin da masana ke amfani da shi shi ne wanda suke rubutawa da R0. Yana nufin matsakaicin adadin mutanen da majinyaci ɗaya zai sa wa cuta a al'ummar da babu mai garkuwa daga cutar, kuma ba a ɗauki wani mataki ba tukuna. Tushen wannan lissafi yana cikin binciken zazzaɓin cizon sauro da likitan Birtaniya Ronald Ross ya yi a farkon ƙarni na 20, wanda George Macdonald ya faɗaɗa a shekarun 1950.

Idan adadin ya haura 1, annoba na ƙaruwa. Idan ya gaza 1, tana kan hanyar mutuwa. A ce kowane majinyaci yana harbar mutum biyu: ɗaya zai haifar da biyu, biyu su haifar da huɗu, a zagaye na goma sababbin majinyata sun kai 1,024. Idan kuwa uku yake harba, a zagaye na goma za su kai 59,049. Ƙarin mutum ɗaya tak ne ya kawo wannan tazara.

Cututtuka sun bambanta ƙwarai. Ƙyanda na cikin mafiya saurin yaɗuwa, domin ana ƙiyasta ma'auninta tsakanin 12 da 18. Na Korona a farkon 2020 an sa shi tsakanin 2 da 3, na Ebola a Afirka ta Yamma a 2014 kuwa tsakanin 1.5 da 2.

Kwanakin da ke tsakani

Yawan waɗanda aka harba kaɗai ba ya nuna sauri, sai an haɗa shi da tazarar kwanakin da ke tsakanin bayyanar alamu a jikin majinyaci da bayyanarsu a jikin wanda ya harba. A Korona ta farko tazarar kusan kwana biyar ce, a Ebola kuwa kusan mako biyu. Shi ya sa Korona kan yi zagaye uku kafin Ebola ta kammala ɗaya. Daga waɗannan biyu ake fitar da lokacin ninkuwa, wato kwanakin da adadin majinyata ke ɗauka kafin ya ninka. Asibitin da ke da majinyata 50 yau, idan cutar na ninkuwa duk mako, zai buƙaci gadaje 400 bayan mako uku.

Inda ake samo alƙaluman

Hanya ta farko ita ce bin sawu: jami'ai su rubuta duk wanda majinyaci ya yi mu'amala da shi, su riƙa duba su har kwanakin ƙyanƙyasar cutar su wuce, sannan su zana wa ya harbi wa. Ta biyu ita ce lissafi daga adadin sababbin majinyata na kowace rana ko kowane mako, irin wanda Hukumar Daƙile Cututtuka ta Najeriya, NCDC, ke tattarawa daga jihohi. Ta uku ita ce gwajin jinin jama'a don gano waɗanda suka taɓa kamuwa ba tare da sun je asibiti ba.

Darasin Legas

Ma'aunin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da zarar an fara killace majinyata da yin rigakafi, masana kan koma ga Rt, wato ma'aunin yaɗuwa na wannan lokaci. Ebolar 2014 a Najeriya ta nuna haka a fili. Patrick Sawyer ya sauka Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yuli. Masu binciken da suka bi sarƙar sun gano cewa shi kaɗai ya harbi mutum 12, akasarinsu ma'aikatan lafiya, ciki har da Dokta Ameyo Adadevoh, wadda ta hana shi barin asibiti. Waɗannan 12 sun harbi mutum biyar kacal, biyar ɗin kuma suka harbi biyu, daga nan sarƙar ta tsinke. An bi sawun kusan mutum 900 a Legas da Fatakwal. Jimillar waɗanda suka kamu 20 ne, takwas suka rasu. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Najeriya a matsayin wadda ta rabu da cutar, bayan kwana 42 ba tare da sabon majinyaci ba.

Alaƙarsa da rigakafi

Daga R0 ake lissafa kason jama'ar da dole su samu garkuwa kafin cuta ta rasa wurin tsallakawa. Idan 2 ne, rabin jama'a. Idan 4 ne, kashi uku cikin huɗu. Saboda girman ma'aunin ƙyanda ne ake neman a yi wa kashi 95 cikin 100 na yara allurarta sau biyu.

Iyakar lissafin

Alƙaluman ƙiyasi ne, kuma ingancinsu na bin ingancin rahoton da aka gina su a kai. Inda marasa lafiya ke jinya a gida ko sayen magani a kemis, da yawa ba sa shiga ƙidaya. Idan aka ƙara yawan gwaji, adadi kan tashi ko da yaɗuwar ba ta ƙaru ba. Rahoton yau kuma yana nuna kamuwar da ta auku kwanaki da dama baya. Cunkoso ma na sauya lissafi, domin abin da aka auna a ƙauye ba zai yi daidai da na babbar kasuwa ko tashar mota ba. Haka nan ma'aunin ya fi dacewa da cutar da ke bi daga mutum zuwa mutum. Zazzaɓin Lassa galibi daga ɓera ake ɗaukarsa, kwalara kuma daga gurɓataccen ruwa da abinci, don haka a irin waɗannan sai an haɗa da binciken ɓeraye da rijiyoyi kafin a san inda annobar ta dosa.