Daga Amir Zuwa Admiral: Tarihin Wata Kalma da Mulkin Ruwa

 

Waɗanda muka yi aji uku tare za su tuna ranar da malaminmu na Turanci ya sa kalmar Admiralty cikin shifta, kusan dukkanmu muka faɗi. Wani daga cikinmu ya yi ƙarfin hali ya tambaya, me ya haɗa ɗan Mafara ko Bakura ko Maradun, wanda bai taɓa ganin teku ba, da wannan kalma? Malam ya yi murmushi ya ce mu je mu bincika, domin 'yar gidanmu ce. A lokacin mun ɗauka raha ce. Ashe gaskiya ya faɗa.

A Turanci kalmar na da amfani iri biyu. Na farko, sunan hukumar da ta riƙe ragamar rundunar jiragen ruwan yaƙin Ingila, wadda ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana aiki kafin a haɗe ta cikin Ma'aikatar Tsaro a 1964. Na biyu, dokoki da kotunan da ke shari'ar al'amuran teku, kamar karon jirage, da asarar kaya, da haƙƙin matuƙa. Ita kuwa ta tsiro ne daga Admiral, wato babban hafsan sojan ruwa.

To, daga ina Admiral ta fito? Daga Larabci, daga Amir. Musulmi sun ci birnin Falarmo na tsibirin Sisili a 831, kuma amir ne ke mulkinsa. Da Turawan Noman suka ƙwace birnin a 1072, sai suka riƙe muƙamin da sunansa. A zamanin Sarki Roja na Biyu, wani mai suna Jorji na Antakiya ya riƙe laƙabin amir na amirai, kuma shi ne jagoran jiragen yaƙin sarkin. Daga nan kalmar ta manne wa shugabancin ruwa, ta ratsa Italiya da Faransa, ta isa Ingila a ƙarshen ƙarni na 13. Harafin d da ke cikinta ƙari ne, ya shigo ne saboda kamanninta da wata kalmar Latin mai nufin sha'awa da girmamawa.

Mu kuwa nan gida mun daɗe da sanin Amir. A 1804 aka yi wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo mubaya'a a Gudu a matsayin Amirul Muminina, wanda muke cewa Sarkin Musulmi. Da Turawa suka ci ƙasar, da wannan kalmar dai suka riƙa kiran sarakunanmu a harshensu. Ke nan sarkin da ke bisa doki da hafsan da ke bisa jirgi, sunansu uwa ɗaya uba ɗaya.

Hausawa ma sun gamu da wannan hukuma tun kafin Turawa su iso Sakkwato. Bayan Ingila ta haramta fataucin bayi a 1807, an kafa kotun ruwa a Firitawun ta Saliyo, inda ake shari'ar jiragen da aka kama da bayi, kuma cikin waɗanda aka 'yanta har da Hausawa. A 1863 wani hafsan sojan ruwa, John Glover, ya tara Hausawa a Legas ya kafa ƙaramar runduna, wadda daga gare ta ake lissafin asalin sojan ƙasa na Nijeriya. Rundunar ruwan Nijeriya kanta an kafa ta a 1956, kuma 'yan Arewa sun shugabance ta, kamar Murtala Nyako daga 1990 zuwa 1992, da Awwal Zubairu Gambo daga 2021 zuwa 2023. Shari'ar teku kuwa, dokar 1991 ta danƙa ta ga Babbar Kotun Tarayya.

Amma kada mu ɗauka sai da Bature ya zo muka san ruwa na buƙatar shugaba. Kakanninmu sun naɗa Sarkin Ruwa. Shi ke ba da izinin shiga su, shi ya san gurbi mai zurfi da mashigi mai aminci, shi ke sasanta masunta, kuma idan ruwa ya ci mutum shi ake fara kira. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo siffarsa ta yanzu tun 1934, Sarkin Ruwa na cikin waɗanda ba a shiga Matan Fada sai da su. Babban abin lura shi ne, kowa ya san ƙofar gidansa. Idan abu ya ɓaci, an san wanda za a tuntuɓa.

A zamaninmu ne wannan tsari ya sauya a ƙasar Mafara. An fara gina madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1974, aka kammala bangon a 1978, da nufin noman rani a fili fiye da hekta 20,000. Daga nan ikon gulbin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka ta sama, fadamun da ke ƙasa kuma suka rasa ambaliyar da suka saba noma da ita. Manoma suka yi ta koken diyya har suka tare hanyoyi, kuma a Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu, aka rasa rayuka da yawa. Da dama daga cikinmu akwai danginsu a cikin abin. Haka kuma ba za a musa ba, shinkafa da alkama da tumatirin Bakolori sun ciyar da gidaje, sun biya wa wasunmu kuɗin makaranta.

Yau akwai hukumomin ruwa iri-iri, har da mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, wadda aka kafa a 1997 da hedkwata a Lokoja. Duk da haka, a Satumban 2024 kwalekwale ya kife da manoma a Gummi, mutane da dama suka rasu a hanyar gona. Manomin da ke shiga jirgi da damina, ko mai jiran a sako ruwa a magudana da rani, sau da yawa bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

Shi ya sa nake kira ga ƙungiyarmu. A cikinmu akwai injiniyoyi da lauyoyi da ma'aikatan gwamnati da masu sarauta. Mu zauna da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin manoman rani, mu ji bukatunsu, mu taimaka a kai su inda ya dace, ko da rigunan kariya ne ga masu fito. Kalmar Amir daga umarni take, kuma mai umarni makiyayi ne da za a tambaya kan abin kiwonsa.