Kumburin Jijiyar Hanji: Daga Houston Zuwa Kaoje

Lokacin da muke koyon aiki, malamanmu na tiyata kan ambaci kumburin jijiyar hanji a taƙaice su wuce, don likita kan yi ritaya bai gamu da shi ba. Bangon jijiyar da ke kai wa hanji jini ne ke yin rauni, ya bunƙuro kamar tsohon tiyub ɗin keke, wata rana ya fashe a cikin ciki.

A da sai an buɗe gawa ake ganinsa. A 1953 ne Michael DeBakey da Denton Cooley na Houston, a Amurka, suka wallafa labarin majinyaci na farko da aka yanke wa irin wannan kumburi a babbar jijiyar hanji ya rayu. A shekarar kuma Sven Seldinger na Suwidin ya fito da dabarar zura siririn bututu cikin jijiya ta allura. Na'urar CT ta zo a 1971, sannan a 1975 Cesare Gianturco ya kawo murɗaɗɗiyar wayar da ake toshe jijiya da ita. Yau a manyan asibitocin duniya sau da yawa ta matsematsi ake shiga a gyara, ba tare da an tsaga ciki ba. Tun 2020 ƙungiyar likitocin jijiya ta Amurka ta ce a yi aikin wannan kumburi komai ƙanƙantarsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sanadin ciwon majinyacin DeBakey: ƙwayoyin cuta ne daga zuciya suka bi jini suka cinye bangon jijiyar. A Turai wannan ya ragu. Mu kuwa har gobe muna ganin yaran da ciwon makogwaro ya lalata wa ƙofofin zuciya, su ne kuma irin wannan cuta ta fi kamawa.

A ce matashi a Kaoje ya zo da zazzaɓin makonni, ga ciwon ciki bayan cin abinci, ga rama. Kowa zai ce olsa ce ko taifot, kuma galibi haka ne. Amma in an saurari ƙirjinsa an ji zuciya na huci, to mai sikanin ya kamata ya duba jijiyoyin da ke bayan hanji, ba hanta da ƙoda kawai ba. In ya ga ƙullutu mai bugawa, a rubuta takarda ranar, a bi ta Bagudo zuwa Birnin Kebbi ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato don hoton CT, tun majinyacin yana iya zama a mota.