Faifan zinariya da kasuwar Ƙonni

Tun 1958 ƙungiyar RIAA ta Amurka take ba da shaidar faifan zinariya ga waƙoƙin da suka fi kasuwa, Faransa kuma ta bi sahu a 1973. Shaidar daga littafin cinikin kamfani take fitowa.

Birnin Ƙonni bai san irin wannan littafi ba. A shekarun 1980, kasetocin Mamman Shata da Musa Ɗanƙwairo sukan ƙetaro daga Sakkwato ta Illelar Najeriya, masu shaguna su kwafe su, su bazu har Malbaza. Gwargwadon farin jinin waƙa, gwargwadon kwafin da ba wanda ya ƙidaya. Kafin a kafa hukumar haƙƙin mawallafa ta Nijar, BNDA, a 1995, sunan mawaƙi ya daɗe da isa ƙauye, ribar kuwa ta tsaya a hannun mai shago.