Inda ake koyon zanen katun kyauta a intanet

Katun jerin zane ne da ake nunawa da sauri har ido ya ga suna motsi. Daƙiƙa ɗaya ta fim tana cin hotuna 24, amma masu zanen hannu sukan zana 12, kowanne ya fito sau biyu. Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya fitar da “Bon voyage Sim” a 1966, sai da ya je Kanada ya samu horo. Yau ana iya farawa daga gida.

Darussa: shirin Pixar in a Box, wanda kamfanin Pixar da Khan Academy suka buɗe a 2015, yana koyar da tsara labari da ƙera taurarin katun da Turanci. Makarantar Gobelins ta Paris kuwa tana sanya finafinan ɗalibanta a YouTube, inda mai koyo zai ga yadda siffa da tafiya suke bayyana hali.

Manhajoji: FlipaClip tana aiki a waya. Krita da OpenToonz na kwamfuta ne. Blender, wadda take kyauta tun 2002, da ita aka yi fim ɗin “Flow” na ƙasar Latbiya, wanda ya lashe kyautar Oscar a 2025.

Blender tana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, bidiyo kuma yana cin data. Saboda haka ya fi sauƙi a fara da takarda ko waya: ƙwallo mai tsalle tukuna, sannan tafiyar mutum, kafin a taɓa fuska.