Golf ɗin Faifai: Filin Koyo da Sharuɗɗan Kafa Shi a Kaoje

A 1975 aka buɗe filin golf ɗin faifai na farko a lambun shaƙatawa na Oak Grove, kusa da Pasadena a jihar Kalifoniya. Ed Headrick, tsohon ma'aikacin kamfanin Wham-O mai ƙera faifan jifa na Frisbee, shi ya tsara shi. Da fari turakun ƙarfe ake jifa, kullum ana gardamar ya taɓa ko bai taɓa ba. Sai Headrick ya ɗora kwando a jikin turken, ya rataya sarƙoƙi a samansa, ya yi wa ƙirar rajista a 1977. Faifai ya bugi sarƙa, ƙarfinsa ya mutu, ya faɗa kwando, gardama ta ƙare.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Kwanduna 9 ne ko 18, ana jifa daga inda faifan ya sauka, wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. Faifan roba ne, nauyinsa ba ya wuce giram 200.

A ganina, ba gwanaye ne suka yaɗa wasan ba, filin 'yan koyo ne. Irin wannan fili tazararsa gajera ce, galibi ƙasa da mita 100 tsakanin wurin jifa da kwando, ana hango kwandon, kuma yawanci shiga kyauta ne. Gajartar tana da dalili: faifan da aka jefa da bayan hannun dama yakan karkata hagu idan gudunsa ya ragu, ɗan koyo kuwa bai da ƙarfin da zai miƙar da shi nesa. Finland ta bi wannan hanya. Filinta na farko a Meilahti ta Helsinki yake tun 1983, ƙananan hukumomi suka yi ta kafa wasu a dazukan gefen gari, har ta shiga sahun gaba a duniya wajen yawan filaye.

Kaoje, a ƙaramar hukumar Bagudo daf da iyakar Binin, tana da abin da wasan ya fi so, wato itatuwa warwatse irin su kaɗanya da ɗorawa. Ba ya neman ciyawar da ake yi wa ban-ruwa kamar golf ɗin manya na Abuja. Kwandon ma ba zai gagari mai walda ba.

Cikas ɗin yana ga ƙasa. Filin da baƙo zai ɗauka ba na kowa ba ne, da damina gona ne, bayan girbi kuma shanu ke kalar kara a ciki, wani wurin ma burtali ne. Turken da aka dasa da siminti ba tare da yardar hakimi da arɗo da masu gona ba, rigima zai jawo. Shi ya sa kwandon da ake ɗaukewa bayan wasa, a harabar makaranta, ya fi dacewa da tsarin wurin. Sai kuma iskar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda ke kwashe faifai marar nauyi. A watannin nan dole a rage tazara, a kuma juya layin jifa don kada ya fuskanci arewa maso gabas.