Daga Daftarin Omda Zuwa Na'urar Yatsa: Wa Ke Riƙe Da Sunanka?

Jama'a masu bin shirinmu, na Abu Hujar da Sinja da Mai Wurno, da waɗanda ke kama mu daga Kurmuk da Gaisan har ƙetaren iyaka, tambayar da ta fi yawa a saƙonninku ita ce ta masu rubuta suna. Yau wannan munazzama ta zo ta rubuta ka, gobe waccan ta ɗauki yatsanka, jibi banki ya nemi hotonka, kuma ba wanda ya tsaya ya gaya maka inda ake kai su. To, maganar ta girmi waya, ta girmi kwamfuta. Bari mu ɗauko ta daga tushe.

A zamanin Turawan Ingila, musamman daga shekarun 1920, an miƙa tara haraji ga shugabannin gargajiya: nazir a sama, omda a tsakiya, shaihi a ƙasa. Nan Abu Hujar ne mazaunin nazirin Rufa'a al-Hoi. Harajin dabbobi, wanda 'yan'uwanmu na yamma ke ce wa jangali, a daftarin shaihi yake, kuma abin da aka rubuta shi za ka biya. Kai makiyayi ka san sauran labarin. Ba a faɗin adadin shanu, ko suruki ne ya tambaya. Ana raba garke gida uku kafin masu ƙidaya su iso. Shaihin ma ya sani, yana kau da kai, don gobe a wurin suna ko jana'iza za ku haɗu. Daftarin nan yana da zalunci a cikinsa, ba musu. Amma kwafinsa kaɗan ne, kuma ka san ƙofar gidan mai riƙe da shi.

Matsala ta fito fili da likitocin dabbobi suka zo da allurar bushiya. Babban gangamin da aka fara a 1962 a yankin Tafkin Chadi, wanda daga baya ya iso Sudan, alheri ne tsantsa. Duk da haka makiyaya a wurare da dama sun riƙa ɓoye wani ɓangare na garke, don tsoron kada ƙidayar mai allura ta faɗa hannun mai haraji. Ka ji asalin abin da masana yanzu ke rubuta littattafai a kai: ka ba da bayani don abu kaza, a yi amfani da shi don wani abu daban. Saniyar da aka ɓoye kuwa ita ke riƙe cutar. Sai a 2011 aka sanar da cewa bushiya ta ƙare a duniya.

Amma kada ka ɗauka gujewa daftari shi ne tsira. Mu Hausawa da Fulanin bakin kogin nan mun fi kowa sanin ɗacin rashin shiga littafi. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka sauka kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe noman audugar Jazira, hannun mutanenmu ne ya yi cirar da yawa. Sai ga dokar 1948 da ta fayyace wane ne ɗan Sudan: wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Dokar jinsiyya ta 1957 ta riƙe wannan ranar. Lissafa da kanka. Mutumin da ya taso daga Burmi ya makara da shekara shida tun kafin ya ɗaga ƙafa. 'Ya'yansa a nan aka haife su, a nan suka binne shi, amma in sun je neman takarda sai a ce su kawo shaidu, su kawo dangin uba, su dawo gobe. Daga baya dokar 1994 ta kai ranar zuwa 1 ga Janairu 1956.

Ƙasa ma haka. Dokar 1970 ta ce duk filin da ba a yi wa rajista ba ya zama na gwamnati. Wane makiyayi ne ya taɓa yi wa burtali rajista? Ga manyan gonakin tarakta na Dali da Mazmum suna ta faɗaɗa, hanyoyin da shanu suka bi tun kaka da kakanni suka matse. Da Kudu ta ɓalle a 2011, dubban makiyaya suka dawo arewa suka tarar wurin ya cika. A wannan shekarar ce kuma aka kawo rakam watani, lamba ɗaya ga kowane mutum, da hoto da zanen yatsa. Daga nan lambar ta zama mabuɗin fasfo, da layin waya, da asusun banki. Ku 'yan kasuwa kun gani da idonku a canjin kuɗin Disambar 2024, da aka ce a zuba tsofaffin 'yan ɗari biyar da dubu a asusu: mai takarda ya shiga layi, marar takarda ya nemi mai takarda ya roƙe shi.

To ka ga tsaka mai wuya. In ba ka cikin littafi, ba ka da rabo. In kana ciki, ba ka san wa ke karantawa ba.

Yanzu mu leƙa cikin ofisoshin da ke riƙe da waɗannan bayanai, don a can ne aikin ke tsayawa ko ya lalace. Akasarin ƙungiyoyin agaji suna da ƙa'idoji masu kyau a rubuce. Wahalar tana wurin aiwatarwa. Yaron da aka ɗauka aikin rajista na sati biyu, an ce masa ya karanta maka takardar neman yardarka, da Larabcin ofis, ga mutum ɗari uku a rana suna jira. Zai karanta? In ma ya karanta, mai jin yunwa yana iya cewa a'a? Bayan nan jerin sunayen ya tafi wurin ƙaramar ƙungiyar da ke rabo, da ɗan kwangilar mota, da bankin da ke biya, da hukumar da ta ba da izinin aiki. Wani ya tura wa wani ta WhatsApp don intanet ɗin ofis ya ɗauke. Ma'aikaci ya bar aiki, kwafin na nan a wayarsa. Tambayi shugaban ofishin kwafi nawa ne a waje, wallahi da wuya ya iya ba ka amsa.

Kuma ba ƙananan ƙungiyoyi kaɗai ba. A Janairun 2022 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta sanar cewa an kutsa cikin kwamfutocinta an kai ga bayanan mutum fiye da 515,000, mutanen da yaƙi da gudun hijira suka raba da danginsu. Ta ina aka shiga? Ta wata kafa a manhaja da aka riga aka fitar da gyaranta, amma ba a ɗora gyaran a kan lokaci ba. Kamar shingen da kowa ya ga ya karye aka ce sai gobe. A 2021 kuma Human Rights Watch ta ba da rahoton cewa bayanan 'yan gudun hijirar Rohingya, da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tattara tare da gwamnatin Bangaladash, sun isa hannun Miyanma, ƙasar da suka gudo daga cikinta. Hukumar ta ce an nemi yardarsu. Da yawa daga waɗanda aka zanta da su suka ce su dai sun ɗauka katin abinci ake yi musu. Ka tuna mai allura da mai haraji?

Sabon baƙon shi ne ƙirƙirarriyar basira, wato na'urar da ake ciyar da ita bayanai ta yanke hukunci da kanta. A Togo, lokacin korona, shirin tallafi na Novissi ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da tarihin kiran waya don hasashen wa ya fi talauci a karkara, aka tura kuɗi ta waya cikin sauri. Ya taimaki jama'a da yawa. Amma sai kana da layi da katin zaɓe na'urar ke ganinka. A Jodan, tsarin Takaful ya riƙa auna iyali da ma'auni 57, har da mota da yawan wutar da gida ke sha, kuma an samu matalautan da tsohuwar mota ta ja musu baya. Kawo wannan nan bakin iyaka ka gani. Waya ɗaya, gida biyar ke amfani da ita. Dillalin awaki yana kira sau hamsin a yini, aljihunsa ba komai. Mai shanu ɗari biyu yana daji wata uku ba sabis, na'ura za ta ce ba wanda ya kai shi talauci. Ni a ganina laifin ba na na'urar ba ne, ita abin da aka ba ta ta ci. Tambayar da ofisoshi suka kasa warwarewa ita ce: in ta tsallake ka, wa za ka je wa? Ma'aikacin da ke gabanka zai ce kwamfuta ce ta fitar. Wanda ya gina ta yana wata ƙasa. Omda dai ko ya zalunce ka, yana da zaure.

Maƙwabta sun fara ɗaure abin da doka. Najeriya ta yi tata a Yunin 2023, da hukuma ta musamman, kuma ta wajabta wa mai riƙe da bayanai ya kai rahoto cikin awa 72 in aka yi masa kutsen da zai iya cutar da mutane. Habasha ta bi a 2024. Mu a Sudan muna da dokokin laifukan intanet, amma doka guda tsayayya ta kare bayanan mutum ba ta samu ba, ga yaƙin da ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 ya tarwatsa ofisoshi da rumbunan ajiya a Hartum. Mutanen Sinja da kewaye, da suka ga garin ya sauya hannu a Yunin 2024 ya sake sauyawa a Nuwamba, ba sai an gaya musu abin da jerin suna ke zama ba in ya faɗa hannun da ba a yi shi dominsa ba. Kowa ya san yadda ake buɗe waya a shingen hanya, a duba saƙonni, a duba Bankak.

Shi ya sa maganar ta dawo kanmu, don mu ma yanzu masu riƙe da daftari ne. Ƙungiyar 'yan kasuwar iyaka tana da jerin mambobi da lambobinsu da bashin kowa. Lajnar makiyaya tana da adadin dabbobin da aka rubuta don allura. Masu takiyya suna da sunayen zawarawa da marayu da gidan da kowa ya sauka. Galibi duk wannan yana wayar sakatare, wayar da yaransa ke kallon bidiyo da ita, kuma da ita yake ƙetare shinge huɗu ranar kasuwa. In tukunya kuke ciyarwa, adadin bakuna kuke buƙata, ba ƙabila ba, ba rakam watani ba, ba garin da mutum ya gudo ba. Abin da ba ku rubuta ba, ba mai ƙwace shi. Wanda ya zama dole a rubuta, a sa mutum biyu sanannu su riƙe, a faɗa wa jama'a sunayensu, a cire shi daga zauren WhatsApp mai mutum ɗari biyu. Rabon bara kuma ya wuce, jerinsa ba ya da sauran aiki: ku zauna gaban shaidu a goge na waya, a ƙona na takarda, sakatare ya nuna wa kowa.